Kurakuran da ake yi wajen rubuta wa yara littafin 'ya'yan jaguwa

Tun da malaman firamare a ƙauyukanmu na Ringim suka fara haɗa wa yara ƙananan littattafan dabbobi, duk wanda ya kawo mini nasa na jaguwa, wata dabbar daji mai kama da damisa, in duba, abu ɗaya nake fara cin karo da shi: ya kira ta damisa, ya wuce abinsa.

Ni ma nan na faɗi. Buhu biyu na gero na sayar na buga nawa, da hoton damisar Afirka a bango. Muna cikin karatu wani ɗan aji biyar ya ce, "Malam, ashe akwai ta a dajin Falgore?" Ranar ban runtsa ba, don ni na sa masa wannan a ka. Na tattara littattafan na sake bugawa. Babu jaguwa a dazukan Afirka ko ɗaya. Mazauninta daga Meziko ne har arewacin Ajantina, ta fi yawa a kurmin Amazon na Barazil. Ta fi damisa kauri, kuma zanen jikinta zobe ne mai baƙin ɗigo a ciki, na damisa kuwa cikinsa wayam. Yanzu ba na sa hoto sai na buɗa shi a waya na ga ɗigon da idona.

Na biyu ya fi ƙona mini rai, wato mai da littafin ilimi tatsuniya. Haba malamai! Ɗan jaguwa na durƙusawa ya gai da babansa, sai ka ce gidan Gizo da Ƙoƙi? Uban ba ya reno, uwa ce kaɗai. Cikinta kwana 100 ne ko kusa da haka, ta haifi ɗaya zuwa huɗu, galibi biyu, idanunsu a rufe har wajen mako biyu. Suna biye da ita kusan shekara biyu, suna koyon iyo da kamun kunkuru da kada. Duk wannan bai ishe ku labari ba? Yaron da ya tashi cikin kiwon awaki ya san reno, ba a ruɗarsa.

Kada ku ce jaguwa tana gudun ruwa kamar kyanwa. Baƙar jaguwa kuma ba wata dabba ce daban ba, launi ne kawai.

Kalmar kurmi ma kada a bar ta haka, yaranmu ba su taɓa ganinsa ba. Ni nakan kai su lambun mangwaro cikin Agusta, mu tsaya inda ganye ya tare rana, ƙasa jiƙe, sannan in buɗe shafin farko.