Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Mutawassiɗa (Ƙaramar Sakandare) Auna Laimar Iska

Duk yaron da ya tashi a Jidda ya san ruɗuba, wato laimar iska, a jikinsa tun kafin ya ji sunanta a aji. Ya ga yadda gilashin idon mahaifinsa yake dushewa da zarar ya fito daga mota mai mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, ya kuma san yadda riga take manne wa baya a watan Agusta ko da mutum yana zaune a inuwa. Abin da yake bai wa ɗalibai wahala shi ne yarda cewa akwai ruwa a cikin iskar da ido yake ganin ta wayam, saboda haka ban taɓa fara wannan darasi da ma'auni ba. Sai yaro ya ga ruwan ya fito daga iska da idonsa, sannan lambar da za a ba shi za ta zauna masa.

Da farko malami ya tanadi kofin silba mai sheƙi, da ƙanƙara, da ma'aunin zafi guda biyu iri ɗaya, da ɗan bandeji na auduga, da zare, da kwali mai kauri. A nemi ma'auni mai jan ruwa a ciki, a guji mai zaiba, domin yara 'yan shekara 12 zuwa 14 ba sa rasa fasa ɗaya, zaiba kuwa guba ce mai wuyar kwashewa. Sannan a fita tsakar makaranta ƙarƙashin rumfa. Na taɓa yin kuskuren gudanar da gwajin a cikin aji alhali mukayyif yana aiki, muka sami sakamakon da ya fi kama da na Riyad mai busasshiyar iska, domin na'urar tana tatse ruwan iska tana zubar da shi ta bututun da yake ɗiga a bayan gini.

Mataki na farko shi ne na kofi. A zuba ruwa har rabi, a goge bayan kofin ya bushe sarai, a tsoma ma'auni, sannan a riƙa jefa ƙanƙara kaɗan-kaɗan ana motsawa a hankali. Ɗalibi ɗaya ya sa ido a kan ma'auni, wani kuma a kan jikin kofi, amma ya ɗan ja baya don kada numfashinsa ya ɓata aikin. Da zarar sheƙin kofin ya fara dusashewa kamar an hura masa baki, sai mai kallo ya yi magana, a rubuta lambar da ma'auni ya nuna a wannan lokacin. Wannan lamba ita ce matakin raɓa, wato sanyin da iskar wurin za ta kai kafin tururin da yake cikinta ya fara komawa ruwa.

A nan ne gardama take tashi, kuma ina son ta tashi. A kowace shekara sai an sami wanda zai ce, "Ustaz, ai kofin ne yake yoyo." Maganin wannan shi ne a maimaita gwajin da zoɓo mai sanyi, wanda ake kira karkade a nan, a goge ɗigon da ya taru a bayan kofin da farin tishu a miƙa wa mai gardamar. Idan ya ga tishun ya jiƙe amma babu ko alamar ja, shi da kansa zai nemi inda ruwan ya fito.

Bayan haka sai a shiga lissafi, kuma lambobi huɗu sun isa a rubuta a allo. Iskar da ta cika mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, iyakar tururin da za ta ɗauka kimanin giram 9 ne idan zafi yana digiri 10, giram 17 a digiri 20, giram 30 a digiri 30, da giram 51 a digiri 40. Idan raɓa ta bayyana a digiri 20 alhali zafin iska digiri 30 ne, to iskar tana ɗauke da kusan giram 17 daga cikin 30 da za ta iya ɗauka, wato ɗan sama da rabi, kashi 55 zuwa 57 cikin ɗari, kuma wannan kashin shi ne laimar da ake aunawa. Ya kamata malami ya daɗe a wannan gaɓa, domin yawancin ɗalibai suna zaton kashi nawa cikin ɗari shi ne yawan ruwan. Nakan tambaye su wace iska ce ta fi ruwa, ta Ɗa'if da asuba mai digiri 10 da laima kashi 90, ko ta Makka da azahar mai digiri 40 da laima kashi 30. Kusan dukansu Ɗa'if suke zaɓa, sai sun buga lissafi su ga ta farko giram 8 ce, ta biyu kuma giram 15.

Hanya ta biyu ita ce ta jiƙaƙƙen ma'auni da busasshe. A ɗaure ma'aunan biyu a kan kwali, a naɗe gindin ɗaya da bandeji falle ɗaya, a jiƙa shi da ruwan da ya daɗe a wurin, ba na firiji ba. A riƙa yi musu fifita da ƙarfi na minti biyu ko uku har jiƙaƙƙen ya daina sauka, sannan a karanta shi kafin busasshen, domin yana saurin komawa sama. Ruwan da yake bushewa daga bandejin yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa, kuma gwargwadon bushewar iska gwargwadon tazarar da za a gani. Idan busasshe ya nuna 30, jiƙaƙƙe ya nuna 28, laima ta kai kusan kashi 86. Idan ya nuna 25, kashi 67 ne. Idan ya sauka zuwa 20, kashi 40 ne kawai. Daga nan yara sukan gane da kansu dalilin da ya sa mukayyif sahrawi, mai aiki da ruwa da fanka, yake da amfani a Riyad amma ba ya taɓuka abin kirki a bakin Bahar Maliya, da kuma dalilin da ya sa gumi ba ya sanyaya jiki a ranar ruɗuba.

Akwai masu son ma'aunin gashi, irin wanda masanin kimiyya Saussure ya ƙera a Janiba ta ƙasar Suwizalan a 1783, wanda ya dogara da cewa gashin mutum yana ɗan ƙara tsawo idan ya sha laima. Yana da ban sha'awa, amma motsinsa bai wuce kusan kashi 2 cikin ɗari na tsawon gashin ba, don haka na fi barin sa ga mai son aikin gida.

Idan makaranta tana da ƙaramin ma'aunin laima mai batir, kada a ɗauki lambarsa tamkar yankan wuƙa. A zuba gishiri a marfin kwalba, a ɗiga masa ruwa har ya yi damshi ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda mai zik ko roba mai marfi, a bar su su kwana. Ya kamata ya nuna kashi 75. Idan ya nuna 70, sai a riƙa ƙara biyar a kan duk abin da ya faɗa.

Daga ƙarshe a raba ajin rukuni-rukuni, kowanne ya riƙa aunawa a wuri ɗaya bayan sahun safe da kuma kafin sallar azahar, har tsawon mako biyu, yana rubuta zafi da laima da matakin raɓa. Mafi yawan ranaku za su tarar laima ta sauka da rana alhali matakin raɓa bai motsa sosai ba. Wanda yake da 'yan'uwa a Makka ko Madina ya ɗauki kofi da ma'auni idan za shi ziyara ranar Juma'a, ya kawo lambobinsa ranar Lahadi a jera su kusa da na Jidda a allo.