Darasi na Tara: Idan Ka Ji Ɓulɓul a Bayan Dashbod

Da asubar hunturu wani direba ya tada motarsa a Tudun Wada, zai yi lodin Kano. Bai kai Kwangila ba sai ya ji sauti daga bayan dashbod: ɓulɓul, ɓulɓul, kamar an nutsa buta a randa. Ya kunna hita don ya ji ɗumi, iska mai sanyi ta buso masa. Ya juya ya nufi gareji a Sabon Gari.

"Maigida, ruwa nake ji yana gudu a cikin motar nan."

"Malam, iska ce ta shiga inda ruwa ya kamata ya cika. Kashe ta, mu jira ta huce."

Ga abin da bakaniken yake nufi. Ruwa ne ke sanyaya inji. Famfon ruwa yana tura shi ya zaga cikin inji, ya bi tiyo zuwa lagireto, ya huce, ya dawo. Akwai kuma wani ƙaramin lagireto a ɓoye bayan dashbod, tiyo biyu ke zuwa masa daga inji. Shi ne cikin hita. Ruwan zafi na bi ta cikinsa, fanka na hura iska ta jikinsa, ɗumi ya iso gare ka. A motoci da yawa wurin yana sama-sama, iska kuwa kullum sama take nema. Can take maƙalewa, ruwa ya zo wucewa ya yi ta ɓulɓul.

Iska ba ta shiga haka kawai. Ko dai ruwa ya ragu saboda yoyo, ko an canja lagireto ko tiyo aka ɗura ruwa cikin gaggawa, ko robar murfin lagireto ta mutu. Murfin nan mutane na raina shi. Dubi samansa, za ka ga lamba kamar 0.9 ko 1.1, wato ƙarfin matsin da yake iya riƙewa. In za ka sayi sabo, nemi mai lambar da ta dace da motarka.

Kafin ka taɓa komai, riƙe wannan: kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa yana iya wuce digiri 100, kana murɗawa zai feso maka a fuska da hannu. Gara ka yi aikin da safe, motar ta kwana ba a tada ta ba.

Ajiye motar a ɗan tudu, gabanta ya fi bayanta tsawo, ka ja birkin hannu. Buɗe murfi, ka zuba ruwa a hankali har ya cika. Murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, fankarta a ƙasa. Tada inji ka bar shi a silo. Riƙa matsa babban tiyon sama da hannu, amma ka nisanta hannun rigarka da fanka da fambel. Za ka ga kumfa na tasowa ta bakin lagireto. Idan zafi ya kai digiri 80 da wani abu, tamostat, wato ƙofar da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, zai buɗe, ruwan ya faɗa ƙasa. Ƙara masa. Ci gaba har kumfa ta ɗauke, hita ta kawo ɗumi sosai, idonka na kan allurar zafi. Sannan ka rufe, ka cika robar ajiyar ruwa tsakanin layin MIN da na MAX. Washegari da safe ka sake dubawa.

Motoci sun bambanta. Golf ba ta da murfi a kan lagireto, a robar nan mai kama da ƙwallo ake zuba mata ruwa. Peugeot 406, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, tana da ƙananan sukuru na fitar da iska. Ana sassauta su har ruwa ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure.

To, in ka yi duk wannan, bayan kwana biyu sautin ya dawo fa? Ruwa na zurarewa ta wani wuri ke nan. Shafa kafet ɗin wajen ƙafar fasinja. In ya jiƙe, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo ta ciki, cikin hita ne ya huje. In kuwa kumfar lagireto ta ƙi ƙarewa, salansa na fitar da farin hayaƙi ko bayan inji ya yi zafi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Wannan ya wuce aikin gida, kada ka hau hanyar Kaduna da motar a haka.

Abin da ke damuna shi ne maganin da aka saba yi a garejinmu: a haɗe tiyo biyun nan a yanke hita, a cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu zafi gare ta. Yanke hita yana iya kai ka gida ranar da ta huje a hanya. Amma wanda ya taɓa tuƙi da asuba a watan Janairu daga Samaru zuwa Funtuwa, gilashi ya yi hazo ba abin da zai share shi, ya san amfaninta. Inji marar tamostat kuma yakan daɗe bai yi ɗumi ba, ya ƙara shan mai.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da daskararren datti, su toshe siraran hanyoyin cikin hita. Yi amfani da ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan. Sai dai guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi. Kada ka juye shi a gorar lemo, kada ka bar wanda ya zube a tsakar gida inda yara da awaki da kaji suke.