Yadda zaka saka sabon kifi a tankin murjani ba tare da tang ɗinka ya yanka shi ba

Duk wanda ya taɓa ajiye tang, wato wani kifin teku da ake ajiyewa a tankin gilashi don ado, ya san wannan abin, wata shida ko shekara kifin nan yana yawonsa lafiya lau yana tsintar gansakuka a jikin duwatsu kamar ba zai iya kashe ko ƙuda ba, ranar da ka kawo sabon kifi ka sake shi sai ka rantse an canza maka shi, ya miƙe fikafikai, launinsa ya yi duhu, ya dinga juya wa baƙon baya yana kaɗa masa wutsiya. Juya bayan nan ba tsoro bane fa, nan makaminsa yake. A gindin wutsiyar, kowane gefe akwai wata ƙaya mai kaifi kamar aska da take kwanciya cikin jiki, in ya fusata sai ya miƙar da ita. Shi yasa Turawa suke ce wa danginsu kifin likitan fiɗa, ni dai wanzami nake ce masa.

Kafin maganar dabara ka fara gane abinda yake faɗa a kai. Tang kiwo yake yi, tun safe har dare yana gwaguyar gansakuka, kuma a teku wasunsu kamar sohal na Bahar Maliya kowa da filinsa da yake tsarewa. A teku wanda aka kora sai ya yi gaba abinsa, a tankinka kuwa gilashi ne gabas da yamma, babu inda zai gudu. Don haka duk kifin da ya yi kama da shi a siffa ko launi, ko yake cin irin abincinsa, kishiya ce aka yi masa. Shi yasa zaka ga ya ƙyale ƙananan kifaye irinsu kilawun (clownfish) amma ya tasa fosfes (foxface) ko bileni (blenny) mai cin gansakuka ko kifin malam-buɗe-littafi mai faɗin jiki a gaba.

Kuma ba duka halinsu ɗaya ba. 'Yan gidan Ctenochaetus, wato su kole da tomini, sune masu sauƙin kai. Naso yana girma sosai amma yawanci ba mai neman rigima bane, haka shuɗin nan Paracanthurus hepatus. Sai 'yan gidan Zebrasoma, rawayan tang na Hawai da sikofas (scopas) da mai launin shunayya (purple tang) na Bahar Maliya, waɗannan da zarar sun zauna sun san gida to sai a hankali, musamman mai launin shunayyan. Can ƙarshe akwai manyan 'yan daba na gidan Acanthurus, irinsu leucosternon da achilles da lineatus da shi sohal ɗin wanda yake kaiwa santimita 40. A wannan jerin zaka saka su, mai sanyi ya fara shiga, mai zafin kai shi ne na ƙarshe. Ka kuma guji haɗa biyu daga gida ɗaya, rawaya da mai launin shunayya misali, siffarsu ɗaya ce launi kawai ya bambanta. In kana da hali ka saka biyu ko uku rana ɗaya ya fi a dinga sakawa ɗai-ɗai, saboda babu wanda ya riga wani mallakar fili, in ma akwai tsoho a ciki fushinsa zai rabu gida uku.

Maganar girman tanki kuma gaskiya ba ta da daɗin ji amma dole a faɗa. Tsawo ya fi muhimmanci a kan zurfi tunda kifi ne mai iyo. Rawayan tang guda ɗaya yana son tankin da ya kai ƙafa 4, wajen lita 350 zuwa 400, leucosternon ko shuɗin yana son ƙafa 6, sohal kuwa in baka da ƙafa 8 ka haƙura da shi kawai. Wanda yake da lita 200 yana tambayar yadda zai haɗa tang uku, babu madubi ko dabarar da zata yi masa aiki, kuɗinsa kawai zai zubar.

To mu ɗauka tankin ya isa, ka sayo kifin. Kar ka kai shi babban tanki tukuna. Ka killace shi a wani ƙaramin tanki daban na tsawon sati 4, da 'yan guntayen bututun roba da zai ɓuya a ciki. Mutane suna ɗauka killacewa don cuta ce kawai, eh hakane, tang na cikin kifayen da ciwon farin ɗigo na ƙwayar Cryptocaryon yake saurin kamawa, kuma wahalar kora ita take tayar da shi, maganinsa kuma mai ɗauke da jan ƙarfe ne wanda ko kusa ba a zuba shi a tankin murjani don zai kashe murjanin da jatan lande da dodon koɗi gaba ɗaya. Amma akwai amfani na biyu da ya shafi faɗan kai tsaye, kifin da ya sha doguwar tafiya a leda a gajiye yake kuma a rame, in ya yi wata guda yana ci shi kaɗai babu mai korarsa zai shiga babban tanki da ƙiba da ƙarfinsa. Ka kuma auna gishirin ruwan da ya zo a ciki, shaguna da yawa suna ajiye kifi a ruwa mai ƙarancin gishiri, naka na murjani kuma yana wajen 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa, sai ka ɗaga masa a hankali cikin kwanaki, ba lokaci ɗaya ba.

Yanzu ga abinda ni a gani na ya fi komai aiki, kuma shi mutane suka fi tsallakewa don gaggawa. Ɗan akwatin roba ne mai haske kamar gilashi, mai ramuka da ruwa yake ratsawa, ana liƙa shi a jikin gilashin tanki daga ciki da maganaɗisu ko roba mai tsotsa. In baka samu na sayarwa ba kowace robar abinci mai haske da faɗi zata yi, ka huda ta ramuka da yawa ka yi mata murfi don kifi yana tsalle. Ka saka baƙon a ciki da guntun bututu ɗaya. Abinda zai faru, tsohon tang zai zo ya yi ta zagaye yana miƙe fikafikai yana dukan robar da wutsiya, ranar farko kamar zai fasa ta, ka ƙyale shi ya yi ta yi, yana ganin baƙon amma askarsa ba ta kai gare shi. Rana ta biyu ko ta uku zaka ga ya fara gajiya, yana zuwa ya leƙa ya wuce. Kar ka ƙirga kwanaki, halinsa zaka duba, ranar da ya wuce ta gaban akwatin bai ko kalle shi ba ka ƙara kwana ɗaya sannan ka buɗe. Yawanci kwana 3 zuwa 7 ne, mai taurin kai yana iya kai ka sati biyu. Ni na taɓa buɗewa a kwana na biyu saboda kifin ya bani tausayi a ɗan wurin nan, da safe na same shi a maƙale a kusurwar sama bayan famfo da yanka biyu a gefe, sai da na sake kamo shi muka koma farko.

A kwanakin nan kuma ka fara abinda nake kira kayan faɗar kishiya. Ka ƙara wa uwargida abinci. Busasshiyar ciyawar tekun nan nori, wadda ba a sa mata gishiri ko mai ko yaji ba, ka maƙala ta a wuri biyu ko uku nesa da juna, ɗaya a wannan ƙarshen ɗaya a wancan, don kifi ɗaya ba zai iya gadin duka ba. Tang mai yunwa ya fi kowa masifa.

Ranar saki ka ciyar da kowa ya ƙoshi, ka ɗan matsa wasu duwatsu in zai yiwu don tsohon ya rikice ya shiga neman sabon makwanci, ko da yake a tankin da murjani ya riga ya kama duwatsu wannan ba abu bane mai sauƙi kuma ban ga dalilin karya murjanin shekara biyu saboda kifi ɗaya ba, ko dutse ɗaya ko biyu ka ƙara ya wadatar. Ka kashe fitilu ka buɗe akwatin da yamma, ka bar tankin da duhu ko hasken shuɗi kaɗan har washegari. Sannan madubi. Ka liƙa ƙaramin madubi a jikin gilashi daga waje, tsohon zai ga wani tang irinsa sak girmansu ɗaya, wanda ya fi baƙon tsaya masa a rai, sai ya koma can yana faɗa da kansa. Yana aiki sosai, amma na kwana biyu ko uku ne, kana sawa kana cirewa, in ka bar shi dindindin ko dai ya gane ko ya gajiyar da kansa har ya goge baki a gilashi.

Ko ka yi duk wannan za a ɗan yi kora, kar hankalinka ya tashi. Kora ta daƙiƙa kaɗan, miƙe fikafikai, ɗan yagewar fiffike, duk wannan na kwana biyu uku ne kuma fiffike yana warkewa da kansa in ruwa na da kyau. Abinda zaka sa wa ido shi ne, baƙon yana fitowa cin abinci? In yana ci yana yawo ko da rabin tanki ne, ka bar su. In kuwa ya maƙale a kusurwar sama, numfashinsa na sauri, launinsa ya koɗe, akwai yanka a jiki ko ya kwana biyu bai ci ba, to kar ka jira gobe.

Kuma a nan wanda zaka cire shi ne mai dukan, ba wanda ake duka ba. Ka kai shi tankin killacewa ko tankin tace ruwa na ƙasa in yana da fili, ya yi sati ɗaya ko biyu, kafin nan baƙon ya san ramuka ya zama ɗan gida, in ka dawo da tsohon shi ne ya zama amarya, gaba da gabanta. Kama shi ne aiki, tang a cikin duwatsu ba ya kamuwa da koma, tarkon kifi zaka saka ka dinga zuba abinci a ciki kwana biyu har ya saba shiga, sannan ka rufe. Ko ka kama shi kar ka ɗauke shi da raga don ƙayar tana sarƙewa a ciki, da roba zaka ɗebo shi da ruwansa, kuma ka kiyaye hannunka, yankan yana da zurfi.

Wani abu ga masu fama da ɗauke wuta, kar ka saki sabon kifi a ranar da baka da tabbacin inbata ko janareto, kifin da ake kora yana shan iska fiye da ƙima kuma da famfo ya tsaya iskar ruwan gishiri take raguwa da sauri, zafin ruwan ma ka riƙe shi wajen digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Celsius. In ka dawo da tsohon bayan sati biyu ya koma halinsa na duka, ka gwada sau ɗaya da akwatin robar, wannan karon shi a ciki. In nan ma bai daina ba to ɗayansu zaka nema wa wani gida, akwai sohal da mai launin shunayya da ba sa karɓar kowa ko me ka yi, ka tambayi shagon da ka saya tun kafin ka biya ko suna karɓar musanya.