Ga masu tattara farashin albasa daga intanet

Ƴan'uwa masu haɗa farashin albasar Galmi (gari a jihar Tahoua ta Nijar) daga Facebook, WhatsApp da shafukan labarai, kafin ku zuba cikin Excel ku daidaita sunaye. Wani ya rubuta Tahoua, wani Tawa, ita kuwa kwamfuta gari biyu take gani. Naira ma a mayar da ita sefa.

Ga inda na sha ƙasa bara: shafuka uku suka kawo farashi guda, na ɗauka shaidu uku ne, ashe duk saƙon dillali ɗaya suka kwafa. Irin wannan sau ɗaya ake ƙirga shi.

Wajen lissafi a Excel ku sa MEDIANE (farashin da ke tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba) maimakon MOYENNE (jimillar farashin a raba da yawansu), don in wani ya ƙara sifili bisa kuskure, ba zai dagula muku sakamako ba.