Yadda Ake Shirya Rera Taken Ƙasa Kafin Wasa Ba Tare da An Ji Kunya Ba

Duk wanda aka ɗora wa nauyin shirya gasar ƙwallon ƙafa a Garwa, Marwa ko Ngaundare da ke arewacin Kamaru yakan ƙarar da ƙarfinsa wajen neman alƙalin wasa, kujerun manyan baƙi da man janareta, ya bar taken ƙasa sai ranar wasa, alhali minti biyun nan ne kaɗai lokacin da dubban mutane ke yin tsit suna sauraren abu guda.

Fara da faifan da za a kunna, domin a nan aka fi yin tuntuɓe. A gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci, a watan Janairun 2022, an kunna wa 'yan wasan Muritaniya tsohon takensu a filin Limbe kafin karawarsu da Gambiya, alhali ƙasar ta sauya take tun 2017. A 2019, a babban filin wasa na Faransa, taken Andora aka sa wa Albaniya, 'yan wasan suka ƙi fara wasa sai da aka gyara, sannan mai sanarwa ya ƙara gishiri a miki da ya nemi gafarar Armeniya. Saboda haka kada ka amince da sunan da ka gani rubuce a intanet. Ka nemi shugaban tawagar baƙi tun jajibiri, ka kunna masa faifan daga farko har ƙarshe, ya tabbatar da bakinsa. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu, inda ƙungiyoyin Chadi da Najeriya ke yawan tsallako iyaka, kuma Najeriya ta koma tsohon takenta a watan Mayun 2024, don haka abin da ke cikin wayar mai kula da lasifika yana iya zama wanda aka ajiye. Ka ware faifan shi kaɗai a na'ura biyu, ka kuma cire wayar daga layi, kada kira ya shigo ana tsakiyar baiti.

Idan mutum ne zai rera, sai a yanke shawarar harshe tun wuri. Taken Kamaru, wanda ɗaliban makarantar horon malamai ta Fulasi suka tsara a 1928, yana da baitocin Faransanci da na Ingilishi, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. A arewa na Faransanci jama'a suka haddace tun firamare, shi ne za su iya amsawa.

Wajen zaɓen mai rerawa, a ganina daɗin murya yana bayan hadda da natsuwa. Mawaƙiyar Amurka Kiristina Agilera ta yi suna a duniya, amma a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a 2011 ta rikita baiti a gaban miliyoyin masu kallo. Ka sa mawaƙin ya rera maka da ka, ana hayaniya a kusa da shi, har ka gamsu. Ka kuma hana shi ƙawa. Take ba waƙar biki ba ce da za a ja murya a karya ta yadda aka ga dama. A 2018 mawaƙiya Fagi ta gwada haka a wasan taurarin ƙwallon kwando na Amurka, har aka ga 'yan wasa suna danne dariya, daga baya ta fito ta ba da haƙuri. Mawaƙinka ya ɗauki waƙar daga ƙasa-ƙasa, domin wanda ya fara da sama ba shi da inda zai hau.

Gwaji kuwa dole a yi shi a filin da kansa. A babban fili irin na Rumde Ajiya da ke Garwa, muryar da ta fita daga lasifika takan dawo kunnen mai rerawa a makare, wanda bai saba ba sai ya riƙa jiran amsa-kuwwar, ya yi ta jan ƙafa har kiɗa ya bar shi a baya. Maganin shi ne a ajiye masa ƙaramar lasifika a gabansa, ya bi ta ita kaɗai. Idan kayan sautin ba abin dogaro ba ne, babu laifi a naɗi muryar tun farko. Ko mawaƙiya Witni Hustan, wadda har yau ake yabon yadda ta rera taken Amurka a 1991, muryar da aka naɗa ce ta fita ga jama'a.

A ranar wasa, mawaƙi ya sha ruwa, ya nisanci ƙurar hunturu da tsayuwa cikin rana. A fara da taken baƙi, na gida ya biyo baya, bayan gwamna da lamiɗo sun zauna, kuma mai sanarwa ya roƙi masu ganga da algaita su dakata. A tanadi mutum ɗaya mai ƙarfin murya kusa da 'yan wasa, wanda aka gaya masa tun farko cewa in wuta ta ɗauke, shi zai ɗora daga baitin da aka tsaya, 'yan kallo su kama masa.