Yadda na gyara ciyawar da ta ƙone a tsakiyar bazara

Ciyawar Bermuda ce, irin wadda ake shukawa don ƙawata fili, ta yi ja tana bushewa duk da kullum ana ba ta ruwa. Ashe ban ruwan ne matsalar: ɗan yayyafi da rana tsaka, wanda ba ya wuce santimita 3 cikin ƙasa. Saiwoyi suka taru a sama inda zafi ya fi tsanani, gishirin ruwa kuma ya yi fari-fari a kan ƙasa.

Na jera gwangwanaye 5 a filin don auna abin da na'urar feshin ruwa ke zubarwa. Na koma ban ruwa da asuba, sau 3 a mako, har ruwa ya kai milimita 15 a kowane gwangwani. Bayan awa guda sai a soka sukudireba cikin ƙasa. In ta nutse santimita 15 babu wahala, ruwa ya isa. Sau ɗaya a wata ina ninka ruwan don ya wanke gishiri ya gangara ƙasa da saiwa.

Na ɗaga injin yankan ciyawa ya riƙa barin tsawon santimita 5, ba na cire fiye da sulusin tsawon ganye. Taki kuwa, kada a zuba wa ciyawa mai ƙishi, ƙona ta zai yi. A jira ta yi kore tukuna.