Yadda za ka bi sawun rayuwar Eugène de Beauharnais

Ka fara daga birnin Paris, inda aka haife shi a 1781, aka kuma fille kan mahaifinsa a 1794. Daga nan ka duba auren mahaifiyarsa Joséphine da Napoleon a 1796, domin shi ne mabuɗin komai. Ka dakata sosai a kan shekarar 1806, lokacin da Napoleon, wanda ya riga ya zama sarkin Faransa, ya ɗauke shi ɗa, ya aura masa Augusta, 'yar sarkin Bavaria da ke Jamus ta yau, alhali Eugène yana wakilin Napoleon a Italiya. Kada ka tsallake Janairun 1813, sa'ad da ya karɓi ragamar ragowar rundunar Napoleon da sanyin Rasha ya ragargaza. Kabarinsa yana cocin St Michael a Munich, inda ya rasu a 1824.